Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Darasi domin ƙungiyoyin mawaƙa, da Zumuntar Mata, da dukan masu yin aikin Ubangiji tare

Karatu: Fitowa 18:13-27, Ayyukan Manzanni 18:24-28, Galatiyawa 2:11-14.
Ayar haddacewa: Karin Magana 27:6.

Ga kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, dawa kuma tana biye. A irin wannan lokaci ne ekklesiyoyinmu na ƙasar Yankwashi da Roni da Gwiwa da Kazaure, har zuwa wajen Babura, sukan fara shirin Kirsimeti. Da dare ya yi sai a ji tulu da caki suna tashi a bakin majami'a. Mata suna koyon sabuwar waƙa, samari kuma suna shirya wasan kwaikwayo na makiyaya da mala'iku. Aiki ne mai kyau, muna kuwa gode wa Allah saboda shi. Amma a cikin irin wannan aiki ne aka fi samun ɓacin rai. Mutum yana iya jurewa idan an ce masa gonarsa ba ta yi kyau ba, gama ya san ruwa ba a hannunsa yake ba. In kuwa aka ce masa waƙar da ya tsara tana da kuskure, sai ya ji abin har cikin ƙashi, domin daga zuciyarsa ta fito. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan wata mu yi bincike a kan gyara, watau yadda za a yi shi da yadda za a karɓe shi.

Waƙar da ta kai Musa Kan'ana

Bari mu soma da abin da muka gani a wata ekklesiyar ƙauye a wannan yanki namu. Ba za mu faɗi sunan garin ba. Akwai wata dattijuwa a cikin Zumuntar Mata wadda Allah ya ba ta baiwar tsara waƙa. Ba ta iya karatu ba, amma abin da ta ji a wa'azi ran Lahadi, kafin Laraba ta mai da shi waƙa tana kan daka. Wata shekara ta tsara waƙa a kan fitowar Isra'ilawa daga Masar. Muryar tana da daɗi, amshin kuma ba wuyar kamawa. Sai dai a baiti na ƙarshe ta sa Musa ya ƙetare Kogin Urdun da jama'a, ya shiga Kan'ana.

A cikin masu amshi akwai wata yarinya wadda ta gama firamare, tana kuwa zuwa makarantar Lahadi. Ta san Musa bai shiga Kan'ana ba. A kan Dutsen Nebo ya hangi ƙasar, ya mutu a ƙasar Mowab, Joshuwa ne kuwa ya ƙetare da jama'a. Amma yaya yarinya za ta buɗe baki ta gyara wa sa'ar kakarta? Sai ta yi shiru a wurin koyon waƙa. Da gari ya waye ta faɗa wa ƙawarta a bakin rijiya, ƙawar kuma ta faɗa wa yayanta. Kafin mako biyu rabin ekklesiya sun san kuskuren, banda mai waƙar. Kowa ya gamu da ita sai ya ce, "Madalla, Inna, waƙa ta yi daɗi."

Ranar babban taro ta zo, ekklesiyoyi da dama suka hallara. Matan suka tashi suka rera waƙarsu. Da mai wa'azi na ranar ya miƙe, baƙo ne daga wani gari, sai ya soma da cewa yau ya ji sabon labari, ashe Musa ya shiga Kan'ana bai sani ba. Jama'a suka fashe da dariya. Dattijuwar nan ta ja mayafinta ta rufe fuska. Daga ran nan ta yi shekara biyu ba ta ƙara tsara waƙa ba, waɗansu mata kuma suka daina zuwa zumunta domin suna jin haushin abin da aka yi mata.

Mu lura fa, kuskuren waƙar ƙarami ne, baiti ɗaya ne kawai. Abin da ya yi ɓarna shi ne shirun waɗanda suka sani, da tseguminsu a bayan ido, da gyaran da aka yi da ba'a a gaban taro. Ashe akwai hanyoyi da yawa na yin zunubi a kan kuskuren ɗan'uwa.

Don me ba za a ƙyale ba?

Wani zai ce, "To, da an yi shiru gaba ɗaya, ai da ba a ɓata wa kowa rai ba." Amma mu tuna inda waƙa take zuwa. Tun zamanin da mishan na SIM suka kafa makarantar yara maza a Roni, aka samu masu karatu a cikinmu, yanzu kuma sun yi yawa. Duk da haka har yau akwai masu bi da yawa a ƙauyukanmu waɗanda ba su iya buɗe Littafi su karanta da kansu ba. Abin da suka sani na Maganar Allah, mafi yawa daga waƙa suka same shi. Wa'azi yakan ƙare a majami'a, amma waƙa takan bi mace har gindin murhu, ta bi yaro wurin kiwo, maƙwabtanmu waɗanda ba masu bi ba su ma suna jinta ta kan danga. In waƙa ta ɗauki kuskure, tare za su yi ta yawo shekara da shekaru. Saboda haka mai tsara waƙa malami ne, ko da bai taɓa hawa bagade ba, Yakubu 3:1 kuwa ya gargaɗe mu cewa hukuncin masu koyarwa ya fi tsanani. Wanda ya bar 'yar'uwarsa ta koyar da kuskure domin yana gudun ɓacin ranta, kansa ya tausaya wa, bai tausaya mata ba.

Littafin da ke hannunmu ma gyararre ne

Idan muna so mu ga amfanin gyara, ba sai mun je nesa ba. Mu dubi Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda muke riƙe da shi. Maganar Allah ba ta da kuskure, amma masu juya ta zuwa harshenmu mutane ne, aikinsu kuwa ya bi ta hannun masu gyara fiye da shekara ɗari.

Wanda ya fara wannan aiki wani Bajamushe ne mai suna J. F. Schön, ma'aikacin mishan na CMS. Ya biyo Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. A bakin Hausawa 'yantattun bayi na Saliyo ya fara koyon harshen. A 1855 matafiyin nan Barth ya koma Ingila tare da samari biyu, ɗayansu shi ne Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta tun yana yaro. Schön ya ɗauki Dorugu a gidansa. Ku duba wannan abu: ga dattijo masani, wanda ya san harsuna da yawa, ya zauna da alƙalami a hannu yana rubuta abin da ke fitowa daga bakin yaron da bai daɗe da fita bauta ba. Ya yi haka domin ya san Hausa ta Dorugu ce. A 1857 aka buga Matiyu da Yahaya da Ayyukan Manzanni, a 1880 kuma Sabon Alkawari ya cika.

Duk da wannan ƙoƙari, waɗanda suka zo daga baya suka zauna cikin Hausawa sun ga juyin yana bukatar gyara mai yawa. Likita Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus, ya zo Kano a 1900, ya kuma zauna a birnin Zariya daga 1905, ya ɗauki aikin daga tushe. Bai yi shi kaɗai ba. Masu bi Hausawa na Zariya sun taimake shi, ma'aikatan waɗansu mishan kuma sun sa hannu. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Shi ne iyayenmu suka koyi karatu da shi, dattawa da yawa kuma har yau ayoyin da suka haddace daga cikinsa ne.

Shi ma bai tsira daga gyara ba. Harshe yana tafiya, rubutun boko kuma ya sāke. A wancan juyi "ch" ake rubutawa a inda muke rubuta "c" yanzu, akwai kuma kalmomi da jimloli da ke yi wa masu tasowa nauyi. Sai aka sake zama, wannan karo 'yan ƙasa suna da babban hannu a ciki, Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya kuwa ta fitar da sabon juyi a 1979, watau shekara 47 bayan na fari. Da ya fito waɗansu ba su so shi ba, gama kunnensu ya saba da na dā. Amma wa zai ce masu juyin 1979 sun raina Miller, ko Miller ya raina Schön da Dorugu? Kowannensu ya hau kan aikin na gabansa ne. Da Schön bai fara ba, da ba a sami abin gyarawa ba.

Haka abin yake a waɗansu ƙasashe. Sa'ad da Sarki James na Ingila ya ba da umarni a 1604 a yi sabon juyi na Turanci, malamai wajen 47 aka raba ƙungiya shida. Dokar da aka ba su ita ce, kowane mutum ya juya surar shi kaɗai, sa'an nan ƙungiyar ta zauna ta gwada ayyukansu, in sun gama littafi guda kuma su aika wa sauran ƙungiyoyi su duba. A 1611 aka buga shi. An shirya gyara tun kafin a fara aiki, saboda haka ba wanda ya ji an ci masa mutunci sa'ad da aka dawo masa da takardarsa. Martin Luther kuma, mai juyin Jamusanci, sa'ad da ya kai ga dokokin hadayu na Tsohon Alkawari, wurin mahauci ya tafi aka yanka tumaki a gabansa domin ya koyi sunayen gaɓoɓinsu yadda mutanen gari suke faɗa. Babban malami ne, amma a wannan wuri mahauci ya fi shi sani, ya kuwa yarda.

Abin da Maganar Allah ta nuna mana

A Fitowa sura 18 Yetro, surukin Musa, ya kawo masa ziyara a jeji. Kashegari ya ga Musa ya zauna yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, shi kaɗai. Mu lura da yadda Yetro ya bi. Ya yini yana kallo tukuna. Sa'an nan ya yi tambaya, ya kuma saurari amsar Musa. Daga nan ya faɗa masa a fili cewa abin ba daidai ba ne, ya ba da dalili, watau shi da jama'ar duka za su gaji. Bai tsaya a nan ba, ya kawo mafita: a zaɓi amintattun mutane su zama shugabannin dubu dubu, da ɗari ɗari, da hamsin hamsin, da goma goma. A ƙarshe ya bar maganar a hannun Allah da na Musa. Musa kuwa, wanda Allah ya yi magana da shi, wanda ya wuce shekara tamanin, ya ji ya aikata. A wurinmu ba kunyar da ta kai ta suruki, mutum yakan sāke hanya domin kada su gamu. Ga shi a nan magana mai nauyi ta wuce tsakanin suruki da suruki, ba ta kuwa rage girman kowa ba.

A Ayyukan Manzanni sura 18 mun ga Afolos, Bayahude mutumin Iskandariya, gwanin magana, masanin Littattafai. Ya zo Afisa yana wa'azi da zafin zuciya, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. A cikin masu sauraro akwai Akila da matarsa Biriskilla, masu sana'ar ɗinkin tanti. Ba su tsai da shi a tsakiyar wa'azi ba, ba su kuma fita suna faɗa wa mutane cewa baƙon nan iliminsa ragagge ne ba. Suka ja shi waje ɗaya, suka ƙara bayyana masa tafarkin Allah sosai. Gwani ya karɓi gyara daga masu aikin hannu, ɗayansu ma mace ce. Da ya tashi tafiya Akaya, 'yan'uwa suka rubuta masa takardar shaida, ya kuwa zama abin taimako ƙwarai a can. Gyaran nan bai kashe baiwarsa ba, ƙara mata kaifi ya yi.

Amma akwai lokacin da gyara a fili ya zama dole. A Antakiya Bitrus yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai, da waɗansu suka zo daga Urushalima sai ya janye jikinsa domin tsoro. Sauran Yahudawa suka bi shi, har Barnaba ma. Bulus ya tsauta masa a gaban kowa. Me ya sa? Domin a gaban kowa aka yi abin, yana jan waɗansu, ya kuma taɓa tushen bishara. Wannan ya bambanta da baiti guda na waƙa wanda ana iya gyara shi a zaure kafin ranar taro. Ko a nan ma Bulus ya faɗi dalilinsa ne, bai mai da Bitrus abin dariya ba. A 2 Bitrus 3:15 mun ga ana ambaton Bulus da ƙauna.

Kunya da gaskiya

Kunya ado ce a wurinmu, ba ma so yaranmu su rasa ta. Bulus ma ya gargaɗi Timoti kada ya tsauta wa dattijo da zafi, sai dai ya roƙe shi kamar uba, tsofaffin mata kuma kamar uwaye (1 Timoti 5:1-2). Amma mu lura, bai ce ya yi shiru ba, hanyar yin maganar ce ya nuna masa. Al'adarmu kuwa tana da hanyoyi masu kyau. Ƙarami yana iya durƙusawa ya kawo maganar kamar tambaya: "Baba, na karanta wani wuri ban gane ba, ko za ka bari in karanta maka?" Yana iya neman wani babba ya raka shi. Malaman dā masu rubuta waƙoƙin ajami, da yawansu sukan rufe waƙa da roƙon duk wanda ya ga kuskure ya gyara. Sun buɗe ƙofa da kansu domin kada kunya ta hana almajiri magana. Kunyar da ke sa mu zaɓi lokaci da kalmomi masu laushi, mai kyau ce. Wadda ke sa mu ce "madalla" a gaban ido, mu yi dariya a bakin rijiya, wannan sunanta munafunci.

Ba dukan gyara ke da nauyi ɗaya ba

Rikici da yawa yakan tashi domin ba mu rarrabe abin da muke gyarawa. Iri uku ne.

Na fari shi ne kuskuren koyarwa, watau abin da ya saɓa wa Littafi. Wannan dole a gyara shi, ko wane ne ya tsara. A nan ba a bin ra'ayin masu yawa, Littafi ake buɗewa a karanta sura da aya.

Na biyu shi ne na harshe. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. "Kuka" na hawaye dabam yake da "kuka" ta miya, "wuya" ta wahala kuma dabam take da "wuya" na jiki, murya ce kaɗai ta raba su. Waƙoƙi da yawa da aka juyo daga Turanci an ɗora su a kan muryar Turawa, har wani lokaci murya takan hau inda Hausa take sauka, mai ji ya kasa kama maganar. Har wa yau, kalmar da aka saba da ita a Zariya ko Jos, wataƙila tsohuwa a Gwiwa ba ta taɓa jinta ba. A irin wannan, alƙali shi ne mai sauraro. A kira tsohuwa guda da yaro guda waɗanda ba sa cikin ƙungiyar, a rera musu, sa'an nan a tambaye su abin da suka ji. Abin da ba su gane ba, shi ne wurin gyara.

Na uku shi ne abin da ya shafi so kawai: wani ya fi son kiɗa mai sauri, wani mai sanyi. A nan kowa yana iya faɗin nasa sau ɗaya, sa'an nan a bar wa mai aikin da shugaba su yanke. Kada mu ɗauki abin da muke so mu sa masa rigar koyarwa.

Ga mai yin gyara

Ka yi shi da wuri. Magini yakan daidaita bango tun laka tana ɗanya, gama in ta bushe sai an rushe. Gyaran da aka yi daren farko na koyon waƙa abu ne mai sauƙi, wanda aka yi bayan an rera a taro kuwa ciwo ne.

Ka fara da mai aikin shi kaɗai, bisa ga Matiyu 18:15. Kada ya zama shi ne na ƙarshe da zai ji.

Ka nuna wurin sosai. "Waƙar nan ba ta yi ba" ba gyara ba ne, gama mai ita bai san inda zai taɓa ba. Ka ce, "Baiti na uku, inda aka ce kaza, ga abin da aya ta ce."

Ka faɗi abin da ya yi kyau, amma da gaskiya, domin mai aikin yana bukatar ya san abin da zai riƙe kamar yadda yake bukatar sanin abin da zai sāke.

Ka yi magana a kan aikin. Kada ka jawo halin mutum, ko danginsa, ko laifinsa na bara.

Ka binciki zuciyarka tukuna. In ka ji daɗi da ka ga kuskuren, musamman idan mai aikin ya fi ka baiwa, to, ka fara yin addu'a kafin ka buɗe baki. Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Ga wanda ake yi wa gyara

Ka ji har ƙarshe kafin ka amsa. Ka yi godiya, ko da zuciyarka tana tafasa, gama ɗan'uwan nan ya haɗiye tsoro kafin ya zo wurinka. Ba lalle ka amsa a take ba, kana iya cewa za ka kwana da maganar.

Kada ka dubi bakin da maganar ta fito, ka dubi maganar. Ko da wanda ba ya ƙaunarka ne ya faɗa, ko da ya faɗa da mugun lafazi, in gaskiya ce riba taka ce.

Ba dole ka karɓi kowace shawara ba. Ka auna ta. Amma in mutum biyu ko uku waɗanda ba su haɗa baki ba suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, to, akwai dutse a wurin.

Ka tuna na wane ne aikin. Waƙar da ka kawo ekklesiya baiko ce, ka riga ka miƙa ta. Isra'ilawa sukan duba ragon hadaya kafin su kai shi, kada a same shi da aibi. Ɗan'uwan da ya taya ka dubawa ya taimake ka ne ka kawo wa Ubangiji abu mai kyau. Mai kaya a kā ba ya ganin inda kayansa suka karkace, na bayansa ne ke gani. Shi ya sa aka ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga shugabannin ƙungiya

A 1 Tarihi 25:7-8 an lasafta horarrun mawaƙa 288, aka kuma jefa kuri'a domin aikinsu, babba da ƙarami, malami da almajiri, duka daidai. Muna ba shugabannin mawaƙa da iyayen zumunta shawara su kafa al'ada kamar haka. Duk sabuwar waƙa ko wasa, kafin a fara koyo, a karanta ayoyin da aka ɗauko ta daga ciki. A keɓe dare guda na dubawa, kowa ya san yau ranar gyara ce. A fara tambayar ƙanana, gama in babba ya riga ya ce ta yi, ba yaron da zai ƙara magana. A nuna wa fasto ko mai bishara kalmomin tun da sauran lokaci. Abin da aka faɗa a daren nan kuma ya tsaya a wurin. Shugaba ya fara kawo nasa aikin a duba, domin in an ga ya karɓi gyara da fara'a, sauran ba za su ji tsoro ba.

Ƙarshen labarin

Bayan shekara biyu, matar wani dattijon ekklesiya ta kira yarinyar nan, suka tafi gidan mai waƙar da yamma. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Inna, na zo neman gafara. Na san wurin nan tun daren farko, na ƙi faɗa miki, na je na faɗa wa waɗansu." Tsohuwar ta yi shiru, can ta ce, "'Yata, da kin faɗa mini, ai da ban sha kunyar nan ba. Karanta mini wurin in ji." Yarinyar ta buɗe Maimaitawar Shari'a sura 34 ta karanta. Tsohuwar ta sa aka maimaita mata sau biyu. Ba ta taɓa jin cewa Musa ya hangi ƙasar da idonsa amma bai taka ta ba. Kafin Lahadi ta tsara sabon baiti a kan bawan Allah wanda ya yi aikinsa da aminci, wani kuma ya ƙarasa. Matan suka ce wannan baiti ya fi dukan sauran. Tun daga lokacin, in za ta tsara waƙa sai ta aika a kira yarinyar ta karanta mata surar tukuna. Mai wa'azin nan kuwa, da labari ya kai gare shi, ya aiko da gaisuwa da ban haƙuri.

Tambayoyi domin bincike

1. A labarin waƙar nan, su wane ne suka yi laifi, mene ne kuma laifin kowannensu?
2. Ku lasafta matakan da Yetro ya bi. Wanne ne muka fi tsallakewa?
3. Don me Akila da Biriskilla suka yi gyara a keɓe, Bulus kuwa ya yi a fili?
4. Ku ɗauki waƙa guda da kuke rerawa, ku nemi ayoyin da ta fito daga ciki. Ta yi daidai da su?
5. Akwai wanda ya daina aiki a ƙungiyarku saboda maganar da aka faɗa masa, ko aka faɗa a bayansa? Wa zai je wurinsa a wannan mako?

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, kai ne ka ba kowannenmu baiwa domin gina ekklesiyarka. Ka gafarta mana shirun da muka yi domin tsoro, da maganar da muka yi a bayan 'yan'uwanmu. Ka ba mu harshe mai laushi sa'ad da za mu yi gyara, da zuciya mai tawali'u sa'ad da ake yi mana. Ka komo da waɗanda suka ja da baya saboda bakinmu. Bari waƙoƙinmu su zama gaskiya a kunnen dukan masu ji. A cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.